Ƙarshen Labarin Kande

Tun da na koma ofis ranar Litinin ba a bar ni na huta ba. Wannan ta leƙo ta ce ina tsaraba, waccan ta ce an ce na kwana biyu a waje, wace ƙasa na je. Wanda bai san zancen ba sai ya ɗauka daga Makka na sauka. To Makarfi na je, na kwana a Kudan, na sake kwana a Taba, na dawo Ikara ranar Juma'a. Na san ba nisan tafiyar ne ya dame ku ba. Kun gan ni ne lokacin hutun azahar da littafi a hannu, waya tana cikin jaka, abin da ba ku taɓa gani ba tun da muke tare. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata, mu ga ko za ta kai ƙarshe ba ta duba waya ba.

Sai na fara da Yaya Asabe, don saboda ita aka yi tafiyar. Ta girme ni da shekara shida. Aji biyu ta yi aka cire ta daga boko don ta taimaki Inna da aikin gida, ni kuma aka bar ni na ci gaba. Babanmu fataucin mazarƙwaila yake yi, duk ranar kasuwar Makarfi yana can, in zai dawo kuma yakan biya wajen wani dattijo, Baba Iro mai hayar littafi, ya karɓo mana littafin labari ɗaya. Baba Iro yana da tasa al'adar. Duk littafin da ya shigo hannunsa sai ya yi masa sabon bango da takardar buhun siminti, ya ɗinke da zare, ya rubuta lamba da tawada, ɗaya, biyu ko uku, tunda labaran lokacin kashi uku suke fitowa. Ba suna a baya, ba hoto. Kai dai ka faɗa masa sunan mutumin da ke cikin labarin, ya miƙa hannu ya zaro maka.

Ni da Yaya muna da yarjejeniya. Ita za ta yi aikina, daka da wanke-wanke da tsintar wake, ni kuma in jawo kujera 'yar tsugunno in karanta mata da ƙarfi. Sharaɗi ɗaya ne: ba na riga ta. In na saci karatu a ɓoye daga muryata take ganewa, ta ce ina sauri kamar wadda ta san hanya, kuma wanke-wanken ranar ya dawo kaina.

Labarin ƙarshe da muka fara na wata Kande ne, mai sayar da abinci a tashar jirgin ƙasa, wadda ƙanenta ya shiga jirgi yana wasa, jirgi ya tashi da shi. Ta rufe tukunya ta bi shi tasha-tasha. Littafi na biyu ya ƙare tana tsaye a ƙofar wani gida da aka kwatanta mata, ta yi sallama, an amsa daga ciki. Na ukun ba mu taɓa samu ba. Duk mako Baba ya tambaya sai a ce yana hannun wata. Ana cikin haka bikin Yaya ya taso aka kai ta Malikanchi, ni na tafi makarantar kwana. Shekara talatin ke nan.

Ba zan iya nuna muku ranar da na daina karatu ba. A makaranta ni ce ake kamawa da littafi a ƙarƙashin tebur. Daga baya aiki ya zo, aure ya zo, yara suka zo, sannan waya ta zo ta kwashe ɗan lokacin da ya rage. Kun fi kowa sani daga safe zuwa yamma karatu nake, wasiƙa, rahoton taro, takardar neman hutu. Amma in buɗe labari don jin daɗi, na fi shekara goma sha biyar rabona da haka. Sau ɗaya na sayo littafi a Zariya da niyyar komawa, na yi shafi uku barci ya ɗauke ni, yanzu shi ke tokare da ƙafar kabad ɗin ɗakina. Gaskiya ban ji na rasa komai ba.

Bayan ƙaramar salla ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye. Mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yanta suna gidajensu, sai na ɗauko ta daga Malikanchi zuwa gidana. Likita ya ce za ta iya samun sauƙi, amma sai ta riƙa tashi zaune, tana motsa hannun da ya rage, tana cin abinci. In ta ci gaba da kwanciya, ɓarin mai lafiyar ma zai bi ɗan uwansa. Yaya ta juya fuska bango. Matar da ban taɓa ganinta babu aiki a hannunta ba, yanzu sai an juya ta. Cokali biyu take sha ta kawar da kai, in an matsa ta ce a daina wahala da ita, ba ta da sauran amfani. Na rarrashe ta, na kawo malami ya yi mata nasiha, rannan har tsawa na daka mata, abin da har yau nake jin kunyarsa. Wata biyu muna haka, tana ƙara ramewa ina kallo.

Wata safiya ina goge mata hannu da ruwan ɗumi, sai ta yi magana ba ta juyo ba, harshenta da nauyi.

"Binta, wai Kande ta ga ƙanen nan nata?"

Sai da na bi duk matan da ake kira Kande a Malikanchi kafin na gane wadda take nufi. Shi ne abu na farko da ta nema tun da ta kwanta. Na duba waya, amma littafin da ba ka san sunansa ba, ba ka san wanda ya rubuta ba, waya ma ba ta san shi ba. Na nemi hutun kwana uku, na bar Yaya a hannun ƙanwarmu Hadiza, na nufi tasha ranar Laraba da safe.

A tashar Ikara na tarar da bas saura mutum biyu ta cika, na yi murna na shiga. Da fasinjojin gaske suka fara zuwa sai na ga waɗanda na tarar suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ashe 'yan tasha ne aka zaunar don jan hankali. A garin nan aka haife ni, amma har yau ana yi mini wannan. Muka yi fiye da awa guda kafin a tashi. An haɗa ni kujera da wata mata mai buhun busasshen barkono, ita ko a jikinta, ni kuwa atishawa har Makarfi. Ta tambaye ni gaisuwar mutuwa zan je ko biki. Na ce littafi zan nemo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Kun tambaye ni ko na ƙetare iyaka. Na ƙetare. Inda ƙasar Ikara ta ƙare ta Makarfi ta fara, akwai wasu mutane a gindin bishiya da katako mai ƙusoshi ɗaure da igiya, in mota ta taho su jawo shi kan titi. Ba su nemi fasfo ba. Ɗayansu ya leƙo ya ƙare wa buhun barkono kallo, ya yi atishawa, ya ce mu wuce. Sauran hanyar kowa kansa a sunkuye yake a kan waya, har da ni, kafin mu isa cajina ya kusa ƙarewa.

Makarfi garin rake ne, kuma ba sa bari ka manta. Mu a Ikara baƙo ruwa ake fara ba shi. Su kafin ruwan ya iso an miƙo maka kara guda, a tsaya ana kallon yadda za ka yi da shi. Suna ɓare shi da haƙori suna ciniki, maganar ba ta tsayawa. Ni haƙorana na ofis ne, na karɓa na gode, na riƙe shi kamar sanda. Ƙanshin mazarƙwaila kuwa rigar Baba ya tuna mini, ban tsaya a layin masu sayar da ita ba.

Rumfar Baba Iro tana nan inda aka kwatanta mini, sai dai ta zama shagon caji, wayoyi jere a kan katako kowace da igiyarta. Mai shagon ɗansa ne, Sabi'u. Baba Iro ya rasu shekara shida ke nan. Na yi masa gaisuwar da ta makara, na miƙa wayata a sa mini a caji, ya ba ni murfin kwalba mai lamba a matsayin shaida, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya jawo mini benci.

Ga yadda ya ba ni labari. Su biyu Baba Iro ya bari, shi da ƙanwarsa Uwani. Da aka zo rabon gado, gida da gona ba su ba da wahala ba. Baffansu ne ya jagoranci rabon, mutumin kirki, amma bai taɓa buɗe littafin labari ba. Da aka zube littattafai a gabansa sai ya ga komai uku-uku yake, mai ɗaya, mai biyu, mai uku. Ya ce alhamdu lillahi, marigayi ya sauƙaƙa musu aiki, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Aka ware duk masu lamba ɗaya da biyu aka ba Sabi'u, duk masu lamba uku aka ɗaure wa Uwani, aka shafa fatiha.

"Ba wanda ya yi magana?" na tambaye shi.

"Hajiya, wa zai ja da Baffa a gaban mutane? Kuma rabon ya fita daidai."

Ya ce ya gwada ci gaba da hayar har wata uku. Mace ta karɓi na ɗaya, ta karɓi na biyu, ta aiko a ba ta na uku a ce babu. Akwai wadda ta zo da kanta ta zage shi tas a gaban 'yan kasuwa. Ya tattara su a buhu ya jingine a ɗakin ajiya, gara ta zo ta ɗauki nata kason. Da ya buɗe buhun bara, ƙasa ya tarar. Neman na wajen Uwani kuwa bai taɓa yi ba, kar a ce ya sa ido a rabon mace. Tana aure a Taba, cikin ƙasar Kudan. Mai cajin wayoyin rabin kasuwa ba shi da lambar ƙanwarsa, wai can ba sabis. Ya ba ni mazarƙwaila biyu in kai mata.

Sai da motar Kudan ta yi nisa na sa hannu a jaka, na zaro murfin kwalba. Wayar tana Makarfi tana shan caji. Hankalina ya tashi, na ce direba ya tsaya, ya ce in na sauka a nan sai dai in koma a ƙafa. Na zauna. Har muka isa hannuna yana komawa jaka da kansa.

A Kudan ina da masauki, gidan Rifkatu, wadda muka yi makarantar kwana tare. 'Yar kudancin Kaduna ce, aikin jinya ya kawo ta. Tunda ba waya sai na koma tambaya irin ta da, ina gidan Madam mai allura, mutum na uku ya kai ni har ƙofa. Ta yi mini gwaten acca da yakuwa. Su a tebur ɗaya suke ci, ita da maigidanta da baƙo, ana hira ana miƙa wa juna gishiri. Ni dai loma ta ƙi wucewa a gaban mijin mutane, ta lura ta mayar da ni ɗaki tana yi mini dariya. Buta da darduma tana da su a ajiye don irinmu. Lambar maigidana kaɗai na haddace, na kira shi da wayarta, ya ce Yaya cokali biyu ta sha kamar kullum.

A falonta akwai kabad mai gilashi cike da littattafai, an jera farantai da kofuna a gabansu. Rifkatu ce ke ba ni aron littafi a makaranta, don haka na tambaye ta yaushe rabonta da su. Ta ce in ban da karatun ibada da safe ba ta tuna ba, makullin kabad ɗin ma ya ɓata. Muka yi dariya, ba wadda ta ji zafin abin.

Da safe ta samo mini ɗan acaɓa da ta yarda da shi, wani magidanci mai furfura a gemu. Ƙarshen damina ne, hanyar Taba rabi ƙasa rabi laka, masara ta bushe a tsaye, rake ya fi mutum tsawo. Mutumin nan bai wuce manomi ko ɗaya bai gaishe shi ba. Ba ya tsayawa, sai dai ya rage gudu ya fara, ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina iyali, muna nisa yana ƙara ɗaga murya har sai amsar ta daina isowa. A wani rafi ya ce in sauka in taka. Na taka, laka ta riƙe takalmina na hagu, sai da ya zura hannu har gwiwa ya zaro shi. Haka na shiga Taba, ƙafa ɗaya ta ma'aikaciya, ɗaya ta manomiya.

A can ba a neman matar aure da sunanta. Na ce Uwani, mazan da ke zaune suka dubi juna kamar ban yi magana ba. Sai da na ce 'yar mai littafi ta Makarfi wani ya ce af, ya tashi ya nuna mini zaure.

Uwani ba ta kai ni shekaru ba, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta karɓi mazarƙwailar yayanta ta jujjuya ta a hannu, ta tambayi lafiyarsa sau biyu. Da na faɗi abin da nake nema ta kai ni ɗakinta. Rabonta yana cikin duro na ƙarfe da aka ɗora a kan duwatsu, an shimfiɗa ganyen darbejiya tsakanin littattafan saboda gara. Ta ce duk shekara in ruwa ya ɗauke takan fito da su ta shanya, ta sake ganye, ta mayar. Karatun allo ta yi, boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Shekara shida tana kiwon littattafan da ba ta san abin da ke cikinsu ba. Na tambaye ta dalili, ta ce hannun Babanta ne ya ɗinke su.

Wanne ne na Kande, ba ta sani ba. Duk bango ɗaya ne, duk lamba uku. Muka kwaso su tsakar gida muka zube a tabarma, inda matan gidan ke zaune suna murzar masara suna jefa totuwa gefe. Niyyata in yi musu irin ta fayil, in buɗe, in zura ido in nemi sunan Kande, in babu in ajiye. Na yi wa guda biyar haka. Sai Uwani ta yi magana a hankali.

"Malama, da za ki ɗan ɗaga murya. Ban taɓa jin abin da suke cewa ba."

Ba yadda zan yi, a gidanta nake, kayanta nake nema. Na ɗauki na shida na fara. Ban yi rabin shafi ba uwar mijinta, wata tsohuwa da suke kira Iya, ta tambaya wai baiwar Allahn nan labari take karantawa ko sanarwar rigakafi. Matan suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa, muryar karanta rahoton taro ce ta fito. Na gyara zama, na rage sauri.

Wajen littafi na tara na ci karo da wani da na gane tun layin farko, labarin wani tela ne da ya ɓata yadin mutane ana gobe salla ya gudu Legas. Da yake na uku ne, daga tsakiyar rigima ya fara, matan suka ce su ba su gane ba, wane ne wannan, me ya haɗa su. Na ce ban tuna ba. Sai kuma na ji bakina yana faɗa, sunan matarsa, launin yadin, har abin da mai yadin ya ce a gaban alƙali. Ban san suna nan a kaina ba. Na ba su farkon da ka, na ɗora da karatu. Iya ta ajiye masara ta koma faɗa da telan kai tsaye, tana ce masa maƙaryaci. Maƙwabta suka fara shigowa da ƙwaryar masararsu. Kiran sallar azahar ne ya tsayar da ni, muka yi salla muka ɗora, la'asar ta sake tsayar da mu.

Na ji daɗi a ranar nan irin wanda na manta akwai shi. Na kuma ji kunya, don daga hantsi zuwa la'asar ban tuna da Yaya ba ko sau ɗaya, kuma ko rabin tulin ban duba ba. Dole na kwana. Su kafin magariba suke cin tuwo, na sabuwar masara da miyar ɗanyar kuɓewa, kuma ba a tambayar baƙo ko ya ƙoshi, ƙara masa kawai ake yi har sai ya rufe kwano da hannu. Sauron Taba ma ya san an yi baƙuwa. Uwani ta bar mini katifarta, ita ta kwanta a tabarma.

Da safe bayan an sha koko na sami na Kande, can kusa da ƙasan tulin. A layin farko aka buɗe ƙofa, Kande ta ɗaga kai. Na rufe littafin. Matan suka ce in ci gaba, na ce wannan yana da mai shi, shekara talatin tana jira, kuma ba na riga ta. Na ba su labarin Yaya. Na roƙi Uwani ta sayar mini, ta girgiza kai. Ta ce ba na sayarwa ba ne, amma za ta ba ni a kan dokar Babanta: kwana bakwai, ba a naɗe shafi, ba a ba wani aro. Ta ƙara da tata dokar, ranar da zan dawo da shi in karanta musu, haɗe da farkonsa. Na ce rabin farkon ya zube mini, Yaya ce mai riƙewa, don ita da kunne ta yi karatun.

"To ki tambayo ta," in ji Uwani. "Ki ce mata ƙarshen yana wajenmu, farkon yana wajenta."

Ta ƙara mini littafi ɗaya, shi ne wanda kuka gani a hannuna.

Na biyo ta Makarfi na miƙa murfin kwalba na karɓi wayata. Saƙonni sun taru, ba ko ɗaya da ya lalace don bai samu amsa ba. Sabi'u ya karɓi littafin ya shafa ɗinkin da yatsa, sannan ya tambaye ni ko hanyar Taba tana biyuwa da babur.

A motar Ikara na sa littafin a ƙasan jaka na ɗora waya a kai. Kafin mu fita gari na ce bari in duba shafi ɗaya in tabbatar ba a yage yake ba. Ban ga masu katako ba, ban san wa ke zaune kusa da ni ba. Muryar direba kawai na ji yana cewa, Hajiya an iso, sai dai in za ki koma Makarfi da mu. Motar ba kowa sai ni, saura shafi huɗu, na zauna na ƙarasa su. Kar ku tambaye ni ko Kande ta ga ƙanenta. Wadda ta matsu, hanyar Taba a buɗe take.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Yaya. Tana yadda na bar ta, fuska a bango, kwanon kunu a gefe ya yi sanyi. Na gaishe ta, na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna, na ce mata ga na uku. Ba ta motsa ba. Na fara daga inda aka buɗe ƙofa. Na yi shafi ɗaya, na shiga na biyu.

"Tsaya," ta ce.

Na tsaya.

"Kin riga ni."

Na fara cewa ai dubawa kawai na yi ko shafukan sun cika, na ga ba amfani, na amsa cewa na riga ta, a mota. Na ɗauka fushi ta yi. Ban san abin da zan sake kawo mata ba in wannan ya ƙi. Sai na ga kafaɗarta ta hagu tana rawa. Dariya take, ta farko tun ƙaramar salla.

"Wanke-wanken yau naki ne," ta ce. "Kira Hadiza ku tada ni. A kawo mini wake a faranti. Ni ban iya jin labari a kwance ba."

Muka tada ta muka jingina ta da matashin kai biyu, muka ɗora mata faranti a cinya. Na ba ta saƙon Uwani. Ta ce farkon yana nan ba inda ya je, ta fara jero mini tashoshin da Kande ta bi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni mai karatun na manta. Na koma farkon shafi. Ina karantawa tana tsinta da hannun hagu, ƙwaya ɗaya-ɗaya, rabi yana zubewa a zani. Shafi goma ta yarda a yi, ta ce sauran sai gobe, kuma gobe shinkafa za a kawo mata. Na yi wanke-wanken da kaina, Hadiza tana tsaye tana kallona. Waken da Yaya ta tsince shi muka dafa, har ita ta ci rabin kwano. Da tsakuwa a ciki, haƙorin maigidan ya gamu da guda biyu, ya ajiye su gefe ya ci gaba da ci.